Makin Jirgi da Kujerar Bizines: Lissafin Mutumin Azare

A 'yan shekarun nan wata magana ta yawaita a wayoyin matasa, wai ana iya hawa kujerar bizines daga nan har Landan ko Guangzhou da maki kawai, ba sai an zube miliyoyin da ake kira ba. Masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba. Akwai mutanen da ke miƙe ƙafa su yi barcinsu awa goma a sararin samaniya, alhali abin da ya fita daga aljihunsu bai kai kuɗin ikonomi ba. Sai dai yawancin masu yin bidiyon wannan magana a Amurka suke zaune, kuma lissafin da ya fitar da su dabam yake da na mutumin da zai taso daga Azare, ya bi ta Jama'are da Kiyawa da Shuwarin da Wudil, ya yi kusan awa uku a mota kafin ma ya hango filin jirgin Malam Aminu Kano.

Ƙasar Katagum ba ta rasa matafiya ba. Akwai alhazai da masu Umara duk shekara. Akwai 'yan kasuwar da suka faro daga saro kaya a Kantin Kwari har suka kai ga zuwa Dubai da Sin da kansu. Akwai likitocin asibitin tarayya da malaman Jami'ar Kimiyyar Lafiya da ke Azare da na jami'ar jiha da ke Gadau, masu zuwa taro ko ƙaro karatu. Ga ɗalibai a Masar da Indiya da Malesiya, ga masu kai iyaye asibiti a Alƙahira. Tambayar ita ce, a cikin waɗannan wa maki zai iya kaiwa gaban labule, wa kuma zai ɓata lokacinsa?

Yadda abin ya samo asali

A watan Mayun 1981 kamfanin American Airlines ya buɗe shirinsa mai suna AAdvantage, sauran manyan kamfanoni kuma suka bi sahu nan da nan. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe. Maimakon ta tafi a banza, gara a ba wanda ya saba hawa, don ya riƙa dawowa. Sai aka riƙa rubuta wa fasinja maki gwargwadon nisan da ya yi, mil ɗaya maki ɗaya, in ya tara ya karɓi tikiti.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Azare ya san gyara. Mai kwano yana ƙara maka ɗan tafin hannu ne don ka dawo wurinsa, kuma shi ke yanke yawanta, ranar da ya ga dama ya rage. Makin jirgi gyara ne. Sharuɗɗan kusan dukkan shirye-shiryen sun bai wa kamfani ikon canja farashi da ƙa'ida lokacin da ya so, kuma ba su ɗauki makin a matsayin dukiyar fasinja ba.

Abin da ya ƙara wa makin kwarjini shi ne canjin da kujerar gaba ta samu. A shekarar 2000 British Airways ya kawo kujerar bizines da ke miƙewa ta zama gado, a 2017 kuma Qatar Airways ya fito da Qsuite mai ƙofa. Yau tikitin bizines na doguwar tafiya yakan ninka na ikonomi sau uku ko huɗu ko fiye a kuɗi, amma a maki ninkin bai cika kai haka ba. A nan ribar take, shi ya sa masu wannan harka ba sa son kashe makinsu a kujerar baya.

Inda Ba'amurke ke samun nasa

Galibin makin da ake rabawa a Amurka yau ba a cikin jirgi ake samunsa ba, a katin banki ne. Bankuna na sayen maki daga kamfanonin jirage su raba wa masu katin bashi. A 2023 kaɗai kamfanin Delta ya karɓi kusan dala biliyan 7 daga American Express. Lokacin korona, da jirage suka daina tashi, United ya jinginar da shirin makinsa ya ranci dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ya ranci biliyan 9, American kuma biliyan 10 a 2021. Wato bankuna sun fi yarda da shirin makin a kan jiragen kansu.

Mutum a can zai buɗe sabon kati a ba shi tukuicin maki 60,000 ko ma 100,000 in ya kashe wani adadi cikin wata uku. Bankin na fanshewa daga kason da yake cira a hannun mai kanti duk lokacin da aka goga kati, da kuma kuɗin ruwan waɗanda suka kasa biya kan kari. A Turai, inda doka ta taƙaita wannan kaso zuwa kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, tukuicin bai kai na Amurka ba ko kusa.

To a Azare fa? Katin da ke aljihun yawancinmu na cire kuɗinmu ne, ba na bashi ba, kuma a gaban mai POS mu ne ke biyan caji. Katunan da ke ba da makin jirgi a Najeriya 'yan ƙalilan ne. Ga kuma maganar riba: katin bashi yana zuwa da sharaɗin kuɗin ruwa in an yi jinkiri, kuma malamai da yawa ba su yarda a sa hannu a kan irin wannan sharaɗi ba ko da mutum ya yi niyyar biya kan lokaci. Saboda haka babbar ƙofar da mai bidiyon ya shiga a rufe take a wurinmu. Abin da ya rage shi ne tsohuwar hanya, wato a hau jirgin da gaske.

A zauna a yi lissafi

Tsakanin Kano da Jidda mil 2,100 ne ko kusa, zuwa da dawowa 4,200. Amma ba kowane tikiti ke ba da cikakken nisa ba. A jikin kowane tikiti akwai harafi guda da ke nuna ajin farashinsa. Ikonomi mai tsada, irin mai harafin Y, yakan ba da nisan gaba ɗaya. Mai araha yakan ba da rabi ko rubu'i, wani ma babu ko ɗaya. Wasu kamfanonin kuma sun daina duba nisa, sun koma duba kuɗin da aka biya: Delta da United tun 2015, Air France da KLM tun 2018.

Mu ɗauka mai Umara ya samu rabi, maki 2,100 ke nan. In sau ɗaya yake zuwa a shekara, cikin shekara uku ya tara 6,300. A shirye-shirye irin na Emirates da Turkish Airlines maki na mutuwa bayan kimanin shekara uku, wato na farko zai fara zubewa kafin na huɗu ya shigo. Kujerar bizines ta doguwar tafiya kuwa, zuwa kaɗai, takan ci daga maki 60,000 zuwa sama da 100,000. Wannan bawan Allah ba zai taɓa cimma ta ba. Alhajin da ya bi ta hukumar alhazai ya tashi daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa na Bauchi ma ba ya cikin lissafin, domin jirgin shata ne, kuma galibi ba a rubuta maki a kansa. 'Yan jirgin yawo su ma sai sun tambaya, don tikitin da ejan ya saya a dunƙule wa ayari sau da yawa ba ya ba da komai.

Ɗan kasuwar Guangzhou labarinsa dabam ne. Daga Kano zuwa Addis Ababa mil 2,000 da 'yan kai, daga can zuwa Guangzhou kusan 5,000. Zuwa da dawowa ya tasam ma 14,000. In rabi ake ba shi, 7,000 ne. In yana zuwa sau huɗu a shekara, 28,000. Cikin shekara uku ya haura 80,000. Shi kam zai iya samun gado a jirgi, amma a lura: tafiya goma sha biyu ya yi a takure kafin ya samu ɗaya a miƙe, ita ma zuwa ban da dawowa.

Wuri ɗaya ake tarawa

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne warwatsa makin. Yau an bi ta Alƙahira an buɗe asusu, gobe an bi ta Addis Ababa an buɗe wani, kowanne da ɗan abin da ba zai sayi komai ba. Manyan kamfanonin duniya sun kasu ƙawance uku, kuma a cikin kowane ƙawance ana iya zuba makin wannan a asusun wancan. Star Alliance, da aka kafa a 1997, ya haɗa Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa. Oneworld na 1999 ya haɗa Qatar da British Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam na 2000 kuma yana da Saudia da Air France da KLM da Kenya Airways. Emirates ba ya cikin ko ɗaya.

Ga mai tashi daga Kano wannan na da ma'ana sosai. Ethiopian da EgyptAir 'yan gida ɗaya ne, don haka wanda ke da lambar ShebaMiles ta Ethiopian zai iya ba da ita ko da EgyptAir ya hau. Wanda rayuwarsa Jidda da Madina ce, AlFursan na Saudia ya fi kusa da shi. Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022, a shekarar ce kuma ya koma amfani da makin Avios, irin na British Airways, har ana iya juya maki tsakanin asusun biyu. Avios ba ya mutuwa matuƙar an ɗan motsa asusun cikin wata 36, abin da ya dace da mai tafiya jefi-jefi. Wasu kamfanonin, ciki har da Emirates da Qatar da British Airways, suna barin iyali su haɗa makinsu wuri guda. Magidancin da ya tafi Umara da matarsa da mahaifiyarsa da 'ya'ya biyu, in ya yi rajistarsu tun kafin tafiya, makin mutum biyar ne zai taru, ko da yake akwai iyakar adadin da ake karɓa.

Babu kamfanin Najeriya ko ɗaya a cikin ƙawancen uku. Air Peace, wanda ya fara zuwa Landan a watan Maris na 2024, yana da shirinsa na kansa. Ƙaramin filin jirgin Azare ba ya jigilar fasinja yau da kullum, saboda haka wanda zai tashi ta Abuja ko Legas sai ya sayi tikitin cikin gida dabam, ko daga Kano ko daga Bauchi. In jirgin gida ya makara har babban ya tashi, asarar a wuyan fasinja take. Mai tikitin maki gara ya kwana a garin da zai tashi.

Sannan ga wani ɗan ƙaramin abu da ke hana maki shiga: suna. Fasfo ya ce Mohammed, asusu ya ce Muhammad. Fasfo ya sa Azare ko Katagum a matsayin sunan ƙarshe, mai buɗe asusun kuma ya sa sunan mahaifi. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta ƙi. A kwafi sunan harafi bayan harafi daga fasfo, a kuma adana katin shiga jirgi, domin yawancin kamfanoni na barin a nemi makin da bai shiga ba cikin wasu watanni.

Ranar kashewa

Tara makin rabin aiki ne. Kamfani ba ya sakin kujerun maki sai 'yan kaɗan a kowane jirgi, waɗanda yake zaton ba zai sayar ba. Yakan buɗe su kusan wata goma sha ɗaya kafin tafiya, wani lokaci kuma ya ƙara saki ana saura kwanaki. Lokutan da mutanenmu suka fi buƙata su ne lokutan da babu: goman ƙarshe na Ramadan, lokacin Hajji, ƙarshen Disamba, da makonnin baje kolin Guangzhou na Afrilu da Oktoba. Wanda ranar tafiyarsa ba ta motsi, kamar mai ganin likita ranar kaza, zai sha wuya. Wanda zai iya matsar da ita kwana biyu ko uku shi ke dacewa.

Tikitin kuma ba kyauta ba ne. Harajin gwamnatoci da kuɗin filin jirgi suna nan, wasu kamfanonin kuma suna ɗora nasu ƙarin da a da ake kira kuɗin mai. A bizines na British Airways ko Emirates ko Lufthansa wannan ƙari kan kai ɗaruruwan daloli, Birtaniya kuma tana karɓar haraji mafi yawa daga mai kujerar gaba in zai tashi daga ƙasarta. Kafin a danna, a cire wannan kuɗi daga farashin tikitin, a ga abin da makin ya saya da gaske. Kuma a auna shi da kuɗin da mutum zai biya da ma, ba da farashin bizines da ko a mafarki ba zai biya ba.

Akwai hanya ta biyu, a sayi ikonomi a ɗaga shi zuwa bizines da maki. Tana cin maki kaɗan, amma tikiti mai araha sau da yawa ba ya ɗaguwa. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi mai tsada don ya ɗaga, sannan aka ce babu gurbi, ya je neman ƙiba ya samo rama.

Abin da naira ta koyar

Shekarun 2022 zuwa 2024 sun nuna fuska biyu ta wannan harka. Kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800 a 2023, bisa lissafin ƙungiyarsu ta IATA. Da yawansu suka rufe tikiti masu araha. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Wanda ya tara makinsa a can ya zauna kusan shekara biyu yana kallon wa'adinsa na ƙarewa. Bankuna da dama kuma suka hana katin naira aiki a waje, har biyan harajin tikitin maki ya zama sai mai asusun dala.

Ta ɗaya fuskar, da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, amma adadin makin da ake nema bai bi naira ba. Wanda ke da maki a lokacin ya tsira daga wani ɓangare na tsadar. Sai dai kada wannan ya sa a ɗauki maki wurin ajiya. Kamfanoni na ƙara farashin kujerun maki lokaci zuwa lokaci, kamar yadda Turkish ya yi a farkon 2024, kuma ba a cika jin sun rage ba. Da zarar maki ya isa abin da ake so, a kashe shi.

Dillalai da amana

Akwai masu tallata bizines a rabin farashi a WhatsApp da Facebook. Da yawansu makin wasu suke saye, wasu ma na asusun da aka yi wa kutse ne. Sayar da maki ya saɓa wa sharuɗɗan kusan kowane kamfani, kuma in an gano ana soke tikitin, ko da mutum ya riga ya isa teburin awon kaya. Babu wanda zai mayar masa da kuɗi. Haka kuma kada a bar ejan ya buɗe asusun da imel ɗinsa ko lambar wayarsa, domin wanda saƙon sirri ke zuwa wa shi ke da ikon kashe makin.

Sai tambayar da ma'aikata ba su cika yi ba: in gwamnati ko jami'a ce ta biya tikitin, makin na wa ne? A Jamus a 2002 wannan ta zama babbar badaƙala, da aka gano 'yan majalisa na amfani da makin tafiyar aiki wajen tafiyar kansu, har Gregor Gysi ya sauka daga muƙaminsa na kula da tattalin arzikin Berlin. Wasu ma'aikatun na bar wa ma'aikaci, wasu ba sa bari. Mafi ƙarancin abin da amana ke nema shi ne a tambaya, kuma kada a zaɓi jirgi mai tsada da kuɗin jama'a don makin ya fi yawa.

Wa ya kamata ya damu

Ga ɗan kasuwar da ke yawan tafiya, wataƙila matsayi ya fi masa gado amfani. Ban da makin kashewa, kamfanoni na ƙirga tafiyar shekara su ba da mataki, azurfa ko zinariya ko sama. Mai zinariya a Star Alliance yana samun ƙarin jaka, da falon hutawa lokacin yada zango, da layin gaba, ko da ikonomi ya saya. Ga wanda ke dawowa da samfurin kaya yana ciniki kan kowane kilo, ƙarin jaka a kowace tafiya kuɗi ne a hannu. In kuma ya tara makin bizines, ya kashe shi a doguwar ƙafa ta dare, irin Addis Ababa zuwa Guangzhou, ba a hawan awa huɗu da rana ba.

Likita ko malamin jami'a mai tafiya ɗaya ko biyu a shekara ya zaɓi shirin da makinsa ba ya saurin mutuwa, ya haɗa da na iyali, ya sa rai da ɗaga kujera sau ɗaya bayan wasu shekaru. Kusan duk shirye-shiryen suna barin a yanka wa wani tikiti da makin, kuma a nan ne kujerar gaba ta fi cancanta: dattijuwa mai ciwon gwiwa, ko majinyacin da aka yi wa aiki a baya zai dawo daga Alƙahira ko Indiya. A wurinsu miƙe ƙafa ba gata ba ne, buƙata ce.

Mai zuwa Umara sau ɗaya a shekara kuwa ya buɗe asusun tunda ba a biyan ko sisi, amma ya sayi tikitin da ya fi araha da sauƙin hanya, ko na wane kamfani ne. Abin da ya taru ya rage kuɗin kaya da shi kafin makin ya mutu. Kowanne daga cikinsu, kafin ya tura wa ejan kuɗi, ya tambaye shi abu uku: wane harafi ne a tikitin, an sa lambata a ciki, kuma nawa ne bambancinsa da mafi araha? In bambancin ya fi abin da makin zai saya, a ɗauki mai arahar.